Yadda Ake Tuba na Gaskiya Mataki-Mataki, Daga Ɗakinka Har Ƙofar Gidan Wanda Ka Cuta

Tun ranar da na yi magana kan Zabura 51 a taron matasa ban sake samun sakat ba. Wani ya tare ni bakin majami'a, wata ta turo min saƙon murya na minti 7, wani kuma har rumfa ya iske ni ina tsakar awon gero, kuma duk tambayar guda ce: to Malam, kullum ana ce muna ku tuba ku tuba, mun ji, amma ta ina ake kamawa? Mi ake fara yi, mi ke biyo baya? Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau guda kowa ya samu. Ni dai ba pasto ba ne, hatsi nike saidawa, abin da zan faɗa na tsinto shi ne cikin Littafi Mai Tsarki da bakin dattawanmu, sauran kuma kunyar da na sha da kaina ce ta koya min.

Abu guda nike so ka riƙe kahin mu shiga. Mu mutanen Maradi ba a bar mu baya ba wajen ladabi, mun iya durƙuso, mun iya tuɓe takalmi tun daga zaure, "a yi hanƙuri" kuwa ko cikin barci sai ta fito. Amma ladabi daban, tawali'u daban. Mutum na iya kai gwiwa ƙasa alhali zuciyarshi na tsaye ƙyam. Tawali'u shi ne ka yarda a gan ka yadda kake, babu kwalliya. Kuma tuba na gaskiya yana da ƙafa, akwai ƙofar gidan da zai kai ka ko kana so ko ba ka so. Wanda ya tsaya cikin ɗaki ga hawaye kaɗai, sau da yawa tuban muzuru ne, ana na tuba kaza na baki.

Kayan da za ka tanada, da abin da zai ci maka

Littafi Mai Tsarki, na takarda ko na waya duk ɗaya. In tsohon juyi gare ka irin na kakanninmu za ka ga Matta da Yohanna da Misalai, a sabon kuma Matiyu da Yahaya da Karin Magana, kar wannan ya rikita ka, littafin guda ne. Sai takarda da bik. Sai wuri mai shiru na kamar awa 2, in gidanku irin namu ne mai yara goma sha, ka gangara gulbi wajen garake da sassafe ko ka roƙi a buɗe maka majami'a ranar da ba sujada. Sai mutum guda amintacce, za mu zo kanshi. Sai kuɗɗi, in akwai haƙƙin wani a wuyanka.

Gafarar kanta kyauta ce, ko dala ba a biya, Yesu ya riga ya biya da jininshi kan gicciye, duba Afisawa 2:8-9. Abin da zai fita aljihunka shi ne kuɗɗin kabu-kabu zuwa gidan wanda ka cuta da abin da ka ci nashi. Mai tsadar gaske kuwa ba a aljihu yake ba, girman kanka ne.

Hattara: duk wanda ya ce ka kawo kaza da kaza ko ka sayi wani mai ko ruwa kahin Allah ya gafarta maka, ka kama gabanka. Siman mai sihiri ya taɓa miƙa wa manzanni kuɗɗi don ya sayi baiwar Allah, karanta amsar da Bitrus ya ba shi a Ayyukan Manzanni 8:18-22, ba ta da daɗin ji.

1. Ka kira abin da sunanshi

Ka zauna da takardarka, ka kashe waya, ka yi gajeruwar addu'a irin ta ƙarshen Zabura 139, Allah ya bincike ka ya nuna maka. Sannan ka rubuta abin da ka yi da sunan da za ka kira shi in da wani ne ya yi maka. Nan ne kusan kowa ke zamewa. In kai ka ɗauka sai ka ce "na ɗan ara", in kai aka ɗaukar wa sai ka ce sata. "Mun ɗan samu saɓani da madam" alhali mari ka kwaɗa mata gaban ɗiya. "Shaiɗan ne ya shiga tsakani" alhali kai ka hau mashin da kanka ka biya kuɗɗin ɗaki. Rubuta sata, rubuta duka, rubuta zina, rubuta ƙarya, da sunan wanda ka yi wa da lokacin, in kuɗɗi ne ka sa adadin.

Bari in ba ku nawa don kar a ce ina wa'azi daga sama. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, Musulma ce, tun ina yaro nike ce mata Inna, ta ba ni buhu 4 na aya in saida mata don ta yarda da ni. Na saida da daraja, na zo na ce mata kasuwa ta faɗi, na soke jika 5 kan kowane buhu, jika 20 ke nan. Ta sa min albarka har da ba ni na goro. Shekara 6 ina kiran abin nan "ladan wahalata", ina cikin ƴan waƙa, ina ba da baiko, ba abin da ya dame ni sai in na gan ta zaune ƙofar gida sai in ji ƙafata ta fi son ɗayan lungun. Ranar da na rubuta "na saci jika 20 na Inna" hannuna rawa yake, kuma daga ranar ne aikin ya soma.

Hattara da kalmar "amma". Duk layin da ka sa mata amma ka soke shi ka sake. Tsohuwar dabara ce, Adamu ya ce macen da ka ba ni ce, Haruna kuwa da Musa ya ritsa shi kan ɗan maraƙin zinariya cewa ya yi wai ya jefa zinariya cikin wuta sai ga maraƙi ya fito, Fitowa 32:24, kai ka ji fa. Ko da ɗayan yana da nashi laihin, wannan takardar taka ce ba tashi ba. Kuma kar ka bar ta inda za a tsinta, in ka gama da ita ka ƙone.

2. Ka auna abin da ke maka zafi

Wannan gajere ne amma kar ka tsallake shi. Tambayi kanka: da na tabbata har abada ba wanda zai sani, zan damu? In amsar a'a ce, to ba zunubin ke damunka ba, tonon asiri kake tsoro, kuma Hausawa sun ce tuba don wuya ba lada. Bulus ya raba baƙin ciki gida biyu a 2 Korantiyawa 7:10, akwai irin na Allah mai kai mutum ga tuba da ceto, akwai irin na duniya mai kai wa ga mutuwa.

Sarki Saul ya ce na yi zunubi, amma bai rufe baki ba sai da ya roƙi Sama'ila ya girmama shi gaban dattawan jama'a, 1 Sama'ila 15:30, wato rawaninshi yake ji. Dawuda kuwa da annabi Natan ya ce mashi kai ne mutumin, bai kawo ko hujja guda ba. In ka auna ka iske kai Saul ne yau, kar ka fasa, ka faɗa wa Allah hakanan, ka ce kunyar mutane ta fi damuna bisa tsoronka, ka sake min zuciya. Wannan ma furci ne na gaskiya.

3. Ka kai ta gaban Allah tukuna

Kahin pasto, kahin wanda ka cuta, Allah ne farko, don dokarshi ka taka. Dawuda ya ɗauke matar Uriya ya sa anka kashe shi a yaƙi, duk da haka a Zabura 51:4 ya ce wa Allah kai na yi wa zunubi. Ka durƙusa in kana iyawa, ka karanta abin da ka rubuta da murya, layi-layi, kunnenka ya ji. Kar ka dunƙule shi cikin "zunubaina na sani da na rashin sani", wannan addu'ar taro ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ba a buƙatar doguwar addu'a ko muryar wa'azi. A Luka 18:9-14 mutum 2 sunka shiga Haikali, Bafarisiyen ya jero azuminshi sau 2 a mako da zakkar da yake fiddawa, mai karɓar haraji kuwa ya tsaya can nesa, ko ɗaga ido sama bai iya ba, yana bugun ƙirji yana roƙon Allah ya ji ƙanshi shi mai zunubi, kuma Yesu ya ce shi ne ya koma gida baratacce. Abin da ke ba ni tsoro cikin labarin nan, Bafarisiyen bai yi ƙarya ko guda ba, da gaske yana azumin. Saboda haka in ka ji bakinka ya fara tuna wa Allah shekarun da ka yi kana hidima, ko ka fara "ai ko banza ban kai wane ba", ka tsaya, ka koma kan takarda.

In ka gama ka buɗe 1 Yahaya 1:9 ka karanta a hankali. Alkawarin a fili yake, in mun furta, shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta ya kuma tsarkake mu. Ba a ce in ka yi kuka ba, ba a ce in ka ji sanyi a zuciya ba. Wasu na kuka wasu ba sa yi, hawaye ba shi ne ma'auni ba.

Hattara: kar ka yi ciniki da Allah, irin su "in ka rufa min asiri wannan karon zan yi azumin kwana 7, zan sayi benci 2 in kai majami'a". Azumi abu ne mai kyau, amma ba kuɗɗin gafara ba ne. Kuma kar ka ce sai ka gyara halinka tukuna za ka zo, wa ya taɓa cewa sai ya warke zai tahi likita?

4. Ka nemi mutum guda

Yakubu 5:16 ya ce mu furta wa juna zunubanmu mu yi wa juna addu'a. Dalilin a aikace shi ne, abin da kai kaɗai ka sani yana da sauƙin komawa, kuma mataki na 5 da na 6 suna da wuyar da ba a cika iya su ba sai da mai rakiya. Ka zaɓi pasto ko dattijon ikilisiya ko wani babba cikin bangaskiya wanda ba ka taɓa jin sirrin wani a bakinshi ba, wannan shi ne gwajin, in yana kawo maka labarin wasu to naka ma zai kai. Ƴar'uwa, ke ki nemi matar pasto ko wata uwa cikin zumuntar mata, namiji wurin namiji mace wurin mace, musamman in maganar ta shafi jiki. Ƴan'uwanmu Katolika nasu tsarin a shimfiɗe yake, wurin fada ake zuwa a furta, kuma doka ta hana shi fidda abin da ya ji ko mi za a yi mashi.

Ka nemi ganinshi a keɓe, ka ce Baba ina da magana mai nauyi, yaushe zan zo? Ba bakin ƙofa ranar Lahadi ana gaishe-gaishe ba.

Hattara: lokacin ba da shaida cikin sujada ba wurin zazzage wannan ba ne. Na taɓa ganin wanda zafin tuba ya ɗebe shi ya miƙe gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi har da sunan yarinyar, shi ya samu sauƙin zuciya, ita kuwa ba ta sake taka majami'ar ba. Ƙa'idar da dattawa sunka koya min ita ce, iyakar inda laihin ya kai nan furcin zai tsaya. Na zuciya tsakaninka da Allah, wanda ka yi wa mutum guda ka same shi shi kaɗai, wanda ka yi bainar jama'a shi ne ake gyarawa bainar jama'a.

5. Ka taka har ƙofar gidanshi

To ga inda ake gane na gaske. Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24 in ka kawo baikonka bakin bagade ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana game da kai, ka aje baikon nan, ka tahi ku shirya tukuna sannan ka dawo. Lura, bai ce ka jira shi ya zo ba, kuma bai ware ko kai ne babba ba.

Ka shirya maganarka tun daga gida, ɗan nan da ya ɓatar da gadonshi ma sai da ya tsara abin da zai faɗa wa ubanshi kahin ya kama hanya, Luka 15:18-19. Abu 4 kawai take ƙunsa: ga abin da na yi, laihina ne, ga yadda zan gyara, ina roƙo ka gafarta min. Daga nan ka kama bakinka. In ya yi faɗa ka bari ya yi, in ya ƙara da abin da ba ka yi ba ma ranar nan ba ranar gyaran lissafi ba ce.

Ka zaɓi lokaci. Kar ka iske ɗan kasuwa ranar Litinin ko Juma'a yana tsakar ciniki, kar ka tare mutum gidan biki ko gaban baƙi inda dole ya ce ya yafe don kunya. Da marece bayan an ci tuwo ya fi. Ka je da ƙafarka, saƙon waya sai in mutumin na nesa kamar Yamai ko Kano ko Agadas, nan ma kira za ka yi ba rubutu ba. Shi kuwa rubutun nan da ake mannawa a WhatsApp ƙarshen shekara, wai duk wanda na ɓata wa ya yafe min nima na yafe wa kowa, wannan ba neman gafara ba ne, gaisuwa ce.

In mahaifinka ne ko surukinka, bi ta hanyar da anka saba, ka sami baffa ko kawu ko gwaggo su yi maka iso, amma in an zauna kai za ka buɗe baki, kar ka bari kawu ya ce "yaro ya yi kuskure a yi hanƙuri" kai kana sunkuye kana zanen ƙasa. In matarka ce, ɗan'uwa, tsire da turmin atamfa ba su ne na tuba ba. Mu maza mun ƙware a wannan, a shigo da leda a aje a yi kamar ba a yi ba. Ka zauna ka ce mata Maman wane, abin da na yi maki zalunci ne, ki gafarta min. In ta yi yaji ka je biko da kanka. Mai wuyar duka kuwa shi ne wanda ke ƙasa da kai, yaron shagonka, ƴar aikinki, ɗan cikinka. Durƙusa wa babba kowa na yi, al'ada ce. Ranar da ka ce wa yaronka ɗan shekara 12 na doke ka kan abin da ba ka yi ba, ka yafe min, ranar za ka san ko akwai tawali'u ko babu. Ai durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ni sau 3 ina zuwa ƙofar Inna ina wucewa kamar mai neman wani gida. Na huɗun na yi sallama, na iske ta kan tabarma tana jan tasbaha, na durƙusa na ce Inna, ayar nan da kinka ba ni shekarun baya, ƙarya na yi maki, kasuwa ba ta faɗi ba, jika 20 na ci naki. Ta yi shiru har na fara jin kukan sauro. Can ta ce ɗan nan, ai tun a makon na sani, wanda ya saya ƙanen mijin ɗiyata ne. Shekara 6 tana amsa gaisuwata tana tambayar yara, ta san ni ɓarawonta ne, kuma ta san inda nike zuwa kowace Lahadi da Littafi a hammata. Wannan ya fi min zafi bisa zagi.

Hattara, nan akwai wurare 3 masu santsi. Na ɗaya, kar ka ce "in na ɓata maka rai", wannan "in" ɗin ta rushe komi, ka san ka ɓata. Na biyu, kar ka je ka kwance wa mutum abin da bai taɓa fita zuciyarka ba, irin "ƴar'uwa na daɗe ina jin ƙinki", ita ba ta san komi ba ka ɗora mata kaya, wannan na mataki na 3 ne. Na uku, in wadda kunka yi zunubin tare ce, kar ka je wai neman gafara ku biyu cikin ɗaki, nan ake komawa ruwa. Maganar cin amanar aure kuma kar ka fasa ta da tsakar dare don kai ka samu barci, ka bi ta wurin mutumin nan na mataki na 4 a shirya yadda za a faɗa da wanda zai zauna kusa.

6. Ka maida abin mutane

Zakka na Yariko da Yesu ya sauka gidanshi bai tsaya ga na tuba ba, ya ce rabin dukiyarshi ta matalauta ce, wanda ya zalunta kuma zai maida mashi ninki 4, Luka 19:8. A shari'ar Musa kuwa, Littafin Firistoci 6:4-5, wanda ya ci amana ko ya yi ƙwace zai maida abin cikakke ya ƙara kashi 1 cikin 5. Ba wai dole ce a kanmu kamar haraji ba, amma ma'auni ne mai kyau ga wanda ya rasa ta inda zai kama. Nawa jika 20 ne, kashi 1 cikin 5 jika 4, na kai 24.

In ba ka da su a dunƙule kar ya hana ka zuwa. Ka je da abin da ke hannunka, ka faɗi adadin duka, ku yanka wa'adi gaban shaida. Misali jika 60, in kana ba da jika 5 duk wata, shekara guda ka gama. Ka rubuta, ka cika, in wata ya zo ba ka samu ba ka je da bakinka kahin ya aiko. In tiya ka bubbuge wa gindi shekara da shekaru ba ka san adadin waɗanda ka tauye ba, ka fasa tiyar yau, ka kimanta abin a kai ga mabukata, waɗanda ka sani cikin masu sayenka kuma ka riƙa cika masu. In mai haƙƙin ya rasu magadanshi za ka nema, sai in babu kowa ne ake kai wa ga aikin Ubangiji, haka Littafin Ƙidaya 5:8 ya tsara.

Ba kuɗɗi kaɗai ake maidawa ba. In sunan mutum ka ɓata, wurin waɗanda ka faɗa wa za ka koma ka ce ƙarya na yi. In iyakar gona ka ci, ka maida ita inda take kahin shuka.

Hattara: kar ka zuba kuɗɗin cikin baiko ka ce ka ba Allah alhali mai su na raye unguwarku. Kuma in abin ya kai na hukuma, kamar taɓa ƙaramar yarinya ko jikkata mutum, tuba ba ya share kamisariya, kuma ba daidai ba ne a rufe shi cikin majami'a da sunan gafara. Ɓarawon da ke gicciye kusa da Yesu ya ce hukuncinmu daidai ne, ya samu Firdausi a ranar, amma ba a sauko da shi ba.

7. Ka toshe hanyar da ka bi

Kowane zunubi na da hanyarshi, kuma kai ka fi kowa saninta. Lambar nan ka goge ta ka toshe, ba ka sake mata suna zuwa "Makanike" ba. In cacar ƙwallo ce ta waya ka cire ta, kuɗɗin cefane ka damƙa wa madam tun ranar da sunka shigo. In giya ce ko tramol, ka bar zama majalisar da ake sha, kuma in jiki ya riga ya saba ka haɗa da likita, ba rashin bangaskiya ba ne. Yusufu bai tsaya yi wa matar Fotifar wa'azi ba, rigar ya bar mata ya ruga. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Sannan kar ka bar wurin fanko. Yesu ya ba da misalin aljanin da ya fita ya dawo ya iske gida a share ba kowa, ya je ya gayyato wasu 7, Matiyu 12:43-45. Bulus ma bai ce ɓarawo ya daina sata kawai ba, ya ce ya yi aiki da hannunshi har ya samu abin ba mabukaci. Ka ba mutumin nan naka izini ya riƙa tambayarka duk mako, tambaya ta kai tsaye.

8. Kai ma ka saki wanda ka riƙe

Tun kana mataki na 1 wata fuska ke ta zo maka, ta wanda shi ma ya cuce ka. Karanta Matiyu 18:23-35, bawan da anka yafe wa talanti 10,000 ya fita ya shaƙe ɗan'uwanshi kan dinari 100. Yafewa ba ta nufin ka sake ba shi makullin shagonka gobe, amana a hankali take dawowa. Tana nufin ka daina jiran ranar da za ka rama, ka daina ba da labarin a kowace majalisa.

9. In an sa ka horo, in kuma an ƙi yafe maka

In laihin ya fito fili dattawa na iya dakatar da kai daga jibin Ubangiji ko waƙa ko wani muƙami na ɗan lokaci. Kuskuren da anka fi yi shi ne mutum ya yi fushi ya koma wata ikilisiya inda ba a san shi ba, ko ya daina zuwa gaba ɗaya. Ka zo, ka zauna inda anka ce, ka tambayi tsawon lokacin da abin da ake so a gani. Ku kuma dattawa, 2 Korantiyawa 2:7 na nan, in ya tuba a ƙarfafa shi kar baƙin ciki ya haɗiye shi, horo ba kora ba ne.

In ka sake faɗuwa ka koma mataki na 1 a ranar, kar ka jira Lahadi. In kuma tsohon abin da ka riga ka furta ka gyara ya dawo yana hana ka barci, ba sai ka sake tuba a kanshi sau 100 ba, buɗe Romawa 8:1. Yahuza da Bitrus duk sun ci amanar Yesu dare guda, Yahuza har azurfa 30 ɗin ya maida, amma bai koma wurin Ubangiji ba, Bitrus ya koma.

Wanda ka cuta kuma yana iya cewa bai yafe ba, ko ya ce ka tashi ka ba shi wuri. Kar ka ja mashi aya, kar ka ce ai kai Kirista ne dole ka yafe, ba ka da bakin faɗin wannan. Ka yi godiya ka tashi, ka ci gaba da biyan abin da ka yi alkawari, bayan wata 2 ko 3 ka sake komawa. Romawa 12:18 cewa ta yi iyakar abin da ke naka ɓangaren.

Ita Inna ranar ba ta ce ta yafe ba ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ƙirga kuɗɗin sau 2, ta ware jika 4 ɗin ta turo min, ta ce nata 20 ne, ba ta cin abin da ba nata ba. Na ce Inna a Littafinmu haka anka ce a ƙara, ta ce to ka kai wa mai Littafin. Sai da kaka ta zagayo, wata safiya ina buɗe rumfa, sai ga jikanta da amalanke da buhu 3 na wake, wai Inna ta ce a saida mata, kuma in rubuto kuɗɗin a takarda.